Kamyon da Ya Kafe a Hayin Iyaka

Tayoyin baya suka yi ta juyawa wuri ɗaya suna watso taɓo har saman tamfol, amma kamyon bai gusa ba. Hambali ya ja baya, ya sake gwada gaba, motar ta ƙara nutsewa ta karkata hagu. Ya kashe injin ya zauna riƙe da sitiyari. Bai yarda ya dubi damansa ba, domin surukarsa ce zaune a nan, Hajja Gimbiya, ƙullin kayanta a cinya, carbi a hannu.

Hambali direba ne a wani magaza, babban ɗakin ajiyar kayan sari, na Damagaram. Aikinsa rarraba kaya ga masu shaguna a Magariya da Dungas da Mallawa: shinkafa, sukari, taliya, man girki, sabulu. Shekaru ya yi yana wannan zagaye ba abin da ya taɓa damunsa, sai shekara biyu da suka wuce, da wani ɗan Kwatano mai shago a Magariya ya samu izinin jera giyar inabi a kanta, gefen madara da kifin gwangwani. Da can sai a bayan katangar mashaya ake ganin irin wannan kaya. Yanzu kuwa mutum ya shiga sayen sukari ya fito da kwalba a leda. Masu saye ba su da yawa a cikin gari, galibi mutanen hayi ne, waɗanda ke tsallakowa daga Najeriya ranar hutu saboda a jihohinsu an hana.

Ranar da aka fara loda masa kwalayen giyar ya yi magana. Maigidansa ya ce takardu sun cika, 'yan duwan masu duba kaya sun gani, jandarma sun gani, kuma shi Hambali ba sha zai yi ba, ba sayarwa zai yi ba, tuƙi aka ɗauke shi ya yi. Ya ƙara da cewa akwai direbobi da yawa zaune a tasha ba aiki. Tun daga nan Hambali yakan cusa kwalayen can ƙurya bayan buhunan shinkafa, ya sauke su da sassafe kafin gari ya cika, kuma ko matarsa Nasiba bai faɗa wa ba.

Wannan karon ya tarar da shagon a kulle. Maƙwabta suka ce mai shi ya kai matarsa asibiti. Ba inda zai ajiye irin wannan kaya a Magariya ba tare da an yi magana ba, sai ya wuce da su Dungas da Mallawa, da nufin ya sauke a komowa. A tashar Mallawa ya iske surukarsa tana jiran mota. Nasiba ta haihu, jibi suna, tsohuwar za ta je ta zauna mata jego. Ba yadda za a yi ya bar ta tsaye cikin rana ta jira taksin daji alhali gidansa za ta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya buɗe mata gaba.

Ruwan da aka kwana ana yi ya cinye hanyar burji a wata 'yar gada. Masu babur suka ce masa akwai hanyar amalanke ta kudu wadda ke zagayawa ta koma kan burjin. Ya bi ta. Gero ya yi tsawo har yana goga madubin mota, ba a ganin komai sai kore da sama. Da suka iso inda hanyar ta rabu biyu ya tsaya yana shakka, Hajja ta ɗaga hannu ta nuna hagu. Ta ce nan suke bi da shanu tun tana budurwa. Ita ce doguwar maganar da ta yi masa tun fitowarsu. Ya bi hagun, hanyar ta yi ta gangarawa har ta kai su wannan fadama.

Yana saukowa ya duba tayoyin sai salularsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ya ga saƙo daga kamfanin waya, ana yi masa barka da shigowa Najeriya. Ya karanta ya sake karantawa. Ashe sun tsallaka iyaka, ga kwalayen giya a mota.

Kafin ya gama tunani mutane sun fara fitowa daga gonaki da fartanyu a kafaɗa. Hausarsu irin tasa, fuskokinsu irin na mutanen Mallawa. Suka ce nan Gidan Maina ne, kuma ba shi ne farkon wanda fadamar ta kama ba. Suka yi masa sannu, wasu mata suka zo suka sauko da Hajja suka shimfiɗa mata tabarma gindin wata kanya, aka kawo mata ruwa a ƙwarya. Wani dattijo mai suna Isufu, wanda gonarsa ce ke gefen hanyar, ya aika a kawo masa bijimai biyu da igiya.

Isufu ya zagaya motar ya ce sai an rage kaya. Hambali ya roƙa a fara gwada turawa. Aka tura har jijiyoyin wuya suka tashi, motar ta yi kamar za ta fita ta koma ta zauna. Dattijon ya ce shi ba zai karya shanunsa a banza ba, a sauke. Babu sauran abin cewa. Hambali ya kwance tamfol ya hau da sauri, yana so ya kasance shi ne a ƙurya, ya miƙo buhuna ya bar kwalayen a inda suke. Amma mutanen kirki ne, ba su yarda su bar baƙo yana wahala shi kaɗai ba. Samari da magidanta suka hau tare da shi, kaya suka yi ta sauka hannu zuwa hannu ana jera su kan busasshen tudu, ana raha.

Bai san tamfol ɗin ya yi yoyo a daren jiya ba. Wani ya sunkuya ya ɗaga kwali ɗaya, gindinsa da ya jiƙe ya ɓalle, kwalabe suka zube suna gangarawa a kan ƙarfen motar. Ɗaya ta faɗo ƙasa ta bugi dutse ta fashe. Jan ruwa ya malala cikin taɓo, warinsa ya tashi.

Rahar ta mutu. Wanda ya ɗaga kwalin ya saki abin da ya rage a hannunsa ya shiga goge tafukansa a riga. Duk suka juya suka dubi wani mutum siriri mai ɗan gemu, wanda ke tsaye da buhun sukari a ka, taɓo har gwiwa. Shi ne Malam Muttaƙa, malamin Islamiyyar garin, kuma shugaban 'yan hisbarsu. Ya sauke buhun a hankali, ya ce Hambali ya sauko.

Ya tambaye shi ko ya san abin da ke cikin kwalayen. Hambali ya ce ya sani. Ya tambaye shi wa zai kai wa a wannan gefen. Hambali ya rantse ba kowa, ya ba da labarin shagon da ya tarar a kulle da gadar da ruwa ya ci, ya ciro takardun kayan daga aljihu. Malam Muttaƙa ya karɓa, ya dubi faransancin da tamburan da ke ciki, ya mayar masa.

"Takardar can ce," ya ce. "Nan ba ta da aiki."

Ya yi masa bayani ba tare da ɗaga murya ba. Abin da doka ta ce ya yi shi ne ya kira ofishinsu na ƙaramar hukuma. Za a zo da mota a kwashe kayan, a riƙe kamyon, a kai direba gaban alƙali. Abin da alƙali zai yanke kuma ba a hannunsa yake ba.

Hambali ya tuna ragon sunan da ke ɗaure a tsakar gidansa. Ya hango safiyar jibi, mutane zaune a kan tabarmi ana tambayar ina uban jariri, wani ya raɗa wa wani cewa an kama shi a Najeriya da giya. Ya san maigidansa zai nemi motarsa kafin ya neme shi. Ya san kuma duk wannan magana surukarsa na jin ta daga gindin kanya, domin wurin ya yi tsit har ana jin kwaɗi.

Wani magidanci mai suna Shafi'u, tela ne a garin, ya matso ya ce ba sai an jira kowa ba, a fasa su yanzu a nan, a ɗaure direban. Wani da ke kusa da Hambali ya faɗa masa ƙasa-ƙasa kada ya tanka. Ƙanen Shafi'u ne ya saba hawa babur ya tsallaka Magariya ya sayo irin waɗannan kwalabe, har bara da aka tsinci gawarsa a gefen hanya, babur ɗin a cikin rami. Ya bar mata da yara biyu, suna hannun Shafi'u.

Hambali ya sunkuyar da kai. Da zagi ne kawai da ya fi masa sauƙi.

Sai aka ga mata na darewa. Hajja Gimbiya ta taso ta tako a hankali, ta riƙe bakin zanenta don taɓo, ta tsaya nesa da inda kwalbar ta fashe. Ba ta dubi surukinta ba. Ta yi wa Malam Muttaƙa sallama, ya amsa yana kiranta Inna.

"Malam, abin da ke cikin kwalayen nan ba ni da ta cewa a kansa, Allah ya raba mu da shi, ban kuma san a bayansa na zauna ba," ta ce. "Amma hanyar nan ni na nuna masa. Ya tsaya a mararraba yana son bin dama, na ce masa hagu. A zamaninmu ba mu san inda ƙasarku ta fara ba, shanu muke bi. In shigowa ce laifin, da ni za ku tafi."

Malam Muttaƙa ya tambaye ta me ke tsakaninta da direban. Ta ce mijin 'yarta ne, yarinyar tana kwance da ɗanyen jego a Magariya, can za su. Ba ta roƙi kowa ba. Ta juya ta koma kan tabarmarta.

Malamin ya dubi rana ya ce lokacin azahar ya yi, a yi salla tukuna. Aka kawo ruwa a jarka, kowa ya wanke abin da zai wanku. Hambali ya tsaya a ƙarshen sahu kan ciyawa, wandonsa na ɗigar taɓo, yana tsoron kada na kusa da shi ya matsa. Mutumin bai matsa ba, ya ma haɗa kafaɗarsa da tasa. Bai taɓa yin sallar da ta yi masa tsawo kamar wannan ba, bai kuma taɓa son kada a sallame kamar ranar ba.

Bayan addu'a Malam Muttaƙa ya keɓe da Isufu da wasu dattawa biyu. Suka yi magana ba a jin su. Da ya dawo ya ce ya duba, mutumin nan ɓatan hanya ya kawo shi, ba ciniki ba, kuma tsohuwa ta ba da shaida. Saboda haka ba zai kira kowa ba. Amma motar ba za ta ƙara ko taku ɗaya gaba a ƙasarsu ba. Ta baya za a fitar da ita, ta koma inda ta fito.

Shafi'u ya ce wato a bar su su tafi a kai wa wasu su sha. Malam ya ce masa fasa kayan mutane ba da umarnin alƙali ba ba hurumin ɗan hisba ba ne, kuma in aka fasa su a nan, gonar Isufu ce za ta sha. Ya ce ya san abin da ke ransa, shi ya yi wa marigayin wanka. Shafi'u ya tsaya yana huci, sannan ya tako har gaban Hambali. Hambali ya zaci mari ne.

"In ka isa wurin mai shagon nan," ya ce, "ka ce masa sunan ƙanena Umaru."

Ya juya ya bi hanyar gari, bai waiwayo ba.

Aka ɗaura igiyar a bayan motar. Bijimai suka ja, mutane suka tura daga gaba, Hambali a ciki yana ba da wuta a hankali. Motar ta yi gurnani, ta girgiza, ta fito daga ramin da wata irin ƙara kamar an zare ƙafa daga laka. Ba wanda ya yi shewa. Suka mayar masa da shinkafarsa da sukarinsa da taliyarsa yadda suka sauke, amma Malam Muttaƙa ya ce kada kowa ya sake taɓa kwalayen. Hambali ya tsince kwalaben da suka warwatse shi kaɗai, ya zuba su cikin wani buhun da babu komai, kowa na kallonsa. Isufu ya sa fartanya ya jawo ƙasa ya rufe wurin da giyar ta zuba. Hambali ya rasa irin godiyar da zai yi. Ya je ya durƙusa gaban dattijon, shi kuwa ya ce ya tashi, ya gaishe da mai jego.

Malam Muttaƙa ya hau babur ya shiga gabansu. Suka haura gangaren, gero na dukan mota ta kowane gefe. A wani wuri da ba shi da bambanci da sauran ya tsaya, ya nuna wani guntun siminti da bai kai ƙugu ba, wake ya naɗe shi. Ya ce daga nan ƙasarsu ta ƙare. Ya leƙo ta taga ya yi wa Hajja sallama, ya ce wa Hambali in ya iso mararraba ya bi ɗayar hanyar. Sannan ya ƙara da cewa shi ba alƙalin can ba ne, amma mutum mai salla kamar yadda ya ga ya yi, ya kamata ya duba abin da yake ɗauka. Ya juya babur ɗinsa ya tafi.

Hambali ya wuce simintin. Bai yi nisa ba ya taka birki, ya ce zai duba taya. Ya zagaya bayan motar ya tsuguna, ya riƙe kansa da hannu biyu. Ya yi ta hamdala har numfashinsa ya daidaita. Iska ta kaɗa, ya ji sanyinta a rigarsa da gumi ya jiƙa, ya ga ashe yammacin mai kyau ne, sama ta wanke, balbelu na bin shanu a wata gona.

Har suka hau burji Hajja ba ta ce komai ba. Carbinta take ja tana kallon hanya. Shi kuwa tsoro ɗaya ya tafi wani ya maye gurbinsa. Ya shirya maganar ban haƙuri a ransa ya rushe, ya sake shiryawa, kunya ta hana shi buɗe baki. Da rufin gidajen Magariya suka bayyana, la'asar ta yi sanyi, sai ta yi gyaran murya. Ta ce ya sauke ta a bakin masallacin tasha ta yi salla, ya je ya rabu da kayan mutane, kada ya kai su ƙofar gidan da jariri yake.

Shagon a buɗe yake. Ɗan Kwatano ya fito da fara'a, ya ce matarsa ta samu sauƙi, ya ba da haƙurin jiya. Hambali ya jibge masa kwalayen da buhun, ya ce ɗaya ta fashe a hanya. Har ya juya sai ya tsaya. Ya ce wani mutum a hayi ya ba shi saƙo, ya ce sunan ƙanensa Umaru, yakan zo nan da babur, bara ya mutu a hanyar komawa. Mai shagon ya ce masu zuwa da babur da yawa ne, bai san sunayensu ba. Ya ce shi ba ya sayar wa yara, kuma izininsa na rataye a bango. Ya faɗi haka a sanyaye, sannan ya tsaya yana kallon kwalayen bai kira kowa ya shigar da su ba. Hambali ya hau motarsa, ya ji ta sakayau kamar ba kaya a ciki.

Gidan cike yake da mata da hayaƙin itace. Aka tarbi Hajja da murna, aka karɓi ƙullinta. Shi ya tsaya daga bakin ƙofar ɗakin Nasiba, bayan labule, ya tambayi jikinta da na yaro. Ta leƙo ta ga wandonsa da ya bushe ya zama kamar ƙirgi, ta tambayi abin da ya same su, tun azahar take sa ido.

Hambali ya buɗe baki, amma tsohuwar ta riga shi daga cikin ɗaki. Ta ce ita ta ɓatar da su, ta nuna masa hanyar da ta sani tun zamanin da, motar ta kafe a fadama, sai da mutanen kirki suka fitar da su da shanu. Ta ce a ba ta jaririn ta gani. Matan suka yi dariya, wata ta ce Hajja ta bar wa masu mota hanyarsu. Aka koma zancen goro da wainar jibi.

Ya yi wanka ya sauya kaya ya zauna a zaure. Ragon ya yi kuka a tsakar gida, ya ji sautin kamar bai taɓa jin mai daɗinsa ba. Can sai ga takun tsohuwar. Ba ta shigo ba, ta tsaya daga bayan zana, ta turo akushin tuwo ta ƙasa. Ta yi magana kamar da zanar take yi. Ta ce ƙanenta na Mallawa ya sayi mota don jigilar gyaɗa, kaka ta kusa, har yanzu bai samu wanda ya amince wa ya ba shi ba. Ta ce in an gama suna, ba laifi ya je ya gaishe shi.

"To, Hajja," ya ce.

Ya saurari takunta har ta koma ciki. Sannan ya jawo akushin ya buɗe, ya tuna tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Ya cinye tuwon tas, ya leƙa ya tambaya ko akwai saura.